Wayar Girke

Ran Talata suka zo, su biyu da tsani.
Ƙaramin, mai jan gashi, Callum,
ya huda bangon falo daidai gindin kalanda,
ya zuro wani zare siriri kamar gemun masara,
ya ce haske ne ke gudu a cikinsa.
Na ce to.
Shekara ashirin da shida na yi ina jan bas a Coventry,
ban taɓa musu da mai gyara ba.

Sai da ya shanye shayina ya faɗi sauran:
layin tagulla ya gama aikinsa,
wayar girke a jikin akwatin intanet za ta rataya,
in wuta ta ɗauke, ita ma ta yi shiru.
Na yi dariya har da tari.
Ashe Nepa ta riƙe adireshina.
Ta daɗe a hanya, amma ta iso.

Da dare Rumasa'u ta baje min su a kwamfuta,
kamar 'yar talla da farantinta.
Ga mai fuska kamar talabijin,
ga mai kawuna uku, ɗaya har banɗaki,
ga mai korar 'yan damfara tun kafin su yi sallama.
Baba, wannan fam casa'in, tana haddace lamba dubu.
Na ce lamba dubu ta su wa?
Masu kirana a nan ba su cika yatsun hannu ba:
asibitin ido,
Alhaji Garzali in an yi rasuwa,
sai Yaya Dije daga Funtua, duk Juma'a bayan la'asar,
wadda ba ta san a ba, ba ta san ba ba,
amma ta haddace lambar gidan nan
kamar ƙaramar sura.

Don haka na gindaya sharaɗi.
Lamba dai kada a taɓa ta.
Maɓallai su yi faɗin kwabo, yatsuna sun yi kauri.
Ƙara ta iso kicin ko famfo na zuba,
kunnen hagu injin bas ya cinye shi.
Kuma ta yi nauyi a hannu,
abin da ba shi da nauyi ban yarda da maganarsa ba.

Ɗaya ne ban faɗa ba.
A cikin tsohuwar, wadda jikinta ya koma ruwan ƙwai,
akwai Tasalla.
Daƙiƙa tara.
Ta fara da Turanci, ta yi tuntuɓe, ta yi tsaki,
ta ce, ba ma nan, a bar saƙo, Allah ya ba da lada,
ga kuma ƙarar cokalina a bayanta.
Damina huɗu ke nan da muka kai ta makwanci,
har yau ita ke ba baƙi haƙuri.

Rumasa'u ta dubi inda nake duba.
Ta rufe kwamfutar a hankali.

Mun sayi mummunar, baƙa, fam talatin da takwas,
da wani batir mai kama da bulo saboda ranar duhu.
Tsohuwar na mayar da ita ɗaki, gefen gado,
na jona mata wuta kaɗai, babu layi.
Ba ta kiran kowa, ba mai kiranta.
Jan idonta na nan a kunne.

Ran Juma'a sabuwar ta yi kuka, har maƙwabta.
Yaya Dije ta ce, kai, Ɗanjummai,
yau muryarka tangaran, kamar kana zaure!
Ni ma na ji ta, har kajinta, har tabarya.
Sai dai wannan shuuu na da,
mai kama da yayyafi a kan kwano,
wanda nake cewa teku ce ke wucewa tsakaninmu,
babu shi.

Muka yi shiru, ni da ita,
shirun ya fito tas.
Ta ce, kana nan?
Na ce ina nan.