Yatsu Biyu da Agogo

A aji an ce mana naƙuda mataki uku ce.
Na rubuta da jan biro, na ja layi a ƙasa.
Ba wanda ya ce mini tana da ƙarni,
ko tana zuwa ƙarfe biyun dare a Asawase
cikin tasi, ruwa na dukan rufin kwano,
zani jiƙe har idon sawu.

Sunanta Azara. Dako take yi a Kejetia,
shekara shida kaya na bisa kanta,
yau kayan ya sauko ƙasa yana neman hanya.

Anti Lariba ba ta ɗaga murya.
Ta ce, Humu, wanke hannu, sa safa,
nemi izininta kafin ki taɓa,
jikin nata ne, mu baƙi ne.
Yatsu biyu. Me kika ji?
Na ce, bakin mahaifa ya yi laushi, santimita huɗu.
Ta ce, to, ƙofa ta soma buɗewa, sai goma take cika.
Ƙofar nan ba a ɓalle ta, ba a yi mata tsawa.

Ɗora tafinki bisa cikin. Ya ɗaure?
Dubi agogo: sau nawa a minti goma,
kowanne ya daɗe nawa kafin ya saki.
Na ƙirga uku, na ɗiga a takarda,
layin na hawa a hankali
kamar motar haya mai lodi a tudu.

Na kafa ƙahon sauraro, na kai kunne.
Can ciki wani ɗan tela na taka kekensa,
ɗari da arba'in a minti, bai tsallake ɗinki ba.

Wajen huɗu faya ta fashe.
Duba launi, in ji Anti.
Garau, kamar ruwan kwakwa.
Da kore ya fito, da zancen ya sauya.

Azara ta ce za ta yi yunƙuri.
Tukuna, takwas ne.
Hura iska kamar mai huce koko.
Hausarta ta kasuwa ce, tawa ta gida,
abin da ya rage hannuna ya faɗa
yana murza mata ƙugu.

Goma.
Haɓa a ƙirji. Bi ciwon in ya zo, huta in ya tafi.
Kai ya leƙo, ya koma,
ya leƙo, ya koma,
ya leƙo ya tsaya.
Tare shi da tafi kada ya fito da garaje ya yage ta.
Laluba wuya, ko cibiya ta naɗe.
Kafaɗar sama, kafaɗar ƙasa,
sai ga mutum ɗungum a hannuna, santsi kamar tarwaɗa.

Shiru.
Ban san shiru na da nauyi haka ba.
Goge shi, in ji Anti, goge bayan da kyau.
Ya ja iska, ya tsaga ɗakin.
Na kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata.

Na juya zan cire safa.
Ina za ki? Baƙo ya iso, jakarsa na hanya.
Allura a cinya. Cibiya ta daina bugawa, muka ɗaure, na yanke.
Mabiyiya ta sauko, muka juya ta a faranti
kamar masu cinikin nama,
ko wani yanki ya maƙale a ciki.
Murza marar har mahaifa ta dunƙule.
Idonki kan jini.
A nan ake rasa mata, Humu,
lokacin da kowa ke kallon jariri.

Ya kama nono, ya sha dakashi.
Daga Aboabo ladani ya ɗaga murya.
Sai a lokacin hannuna ya tuna ya yi rawa.

Azara ta buɗe ido ta ce,
wa zai je Kejetia
ya ce su ajiye mini kwanona?