Tambayar Sahabi

Ranar Talata, aji biyu, makarantarmu ta Kware,
fanka ta tsaya, alli ya gutsure a hannuna.
Na raba allo gida biyu:
dama, wata 'yar dabba mai jaka a ciki,
hagu, malam-buɗe-littafi.

Ta dama ban taɓa ganinta ba sai a hoto.
Kamar ɓera take, amma ba dangin ɓera ba ce.
Takan haifi ɗa bai kai ƙwayar wake ba,
ya rarrafa ya shige jakar uwa, ya kama nono,
goyo ba zane, ba majanyi.
Ƙasarsu na bayan teku, can inda darenmu ne ranarsu.

Na ce: a saman shafi gidansu ɗaya, duk dabbobi ne.
Daga nan suka rabu, kamar hanyar Illela da ta Wurno.
Wannan da ƙashin baya, da gashi, da jini mai ɗumi;
wancan ƙafa shida, fiffike huɗu
masu garin da ke bin yatsa,
ya fara da tsutsa, ya ƙare da kwalliya.

Sai layin ƙarshe: halin da suke ciki.
Gaban mai jaka jan tambari, tana gab da ƙarewa,
an ƙidaya ta, an san inda take kwana.
Gaban na hagu, littafin ya ce ba a tantance ba.

Sahabi na bakin taga ya ɗaga hannu:
"Malama, to wa ka ƙidayar namu?"

Na yi shiru.
Na tuna fadamar Kwalkwalawa ina yarinya,
yadda rawaya-rawayan nan kan rufe taɓo
inda shanu suka sha ruwa,
mu ruga cikinsu, su tashi kamar an sheƙe dusa.
Bana, bayan feshin albasa,
ban ce babu ba,
amma sai na tsaya na nema.

Na ce, Sahabi, aikin gida ya same ka.

Ran Asabar ya bi gefen Rima tun hantsi.
Litinin ya miƙo min guntun kwali:
sha ɗaya, ɗaya matacce.

Na rubuta a gefen shafin da fensir,
daidai inda aka ce ba a tantance ba.
Mataccen na cikin kwalin,
fiffikensa a haɗe,
malam ya rufe littafi.