Tandar Inna Tabawa

Shekara talatin da huɗu ina bakin Wunti,
kafin ladan ya gyara murya na hura wuta.
Hannun nan na dama shi ya san ƙullu,
shi ya san sa'ar da gefen masa ke yin ja,
yakan juya ta tun ido bai ba da izini ba.

Sai wata Laraba ludayi ya suɓuce.
Na sunkuya in ɗauka, hannu ya ce bai san ni ba.
Baki ya karkace, ƙafa ta ƙi bin 'yar'uwarta,
Sagiru jikana yana kira, ina ji, na kasa amsawa.

A asibiti suka ce ɓarin jiki ne ya shanye.
Wata biyu ana miƙo mini ƙwallon roba:
matsa, saki, matsa, saki.
Ga 'yan katakai, ja da kore da ruwan ɗorawa,
wai in ɗora wannan bisa wancan.
Ni da na sayi fili a Jahun da kuɗin masa!
Na juya fuskata bango.
Na ji an ce, tsohuwar nan ta cika taurin kai.

Ran nan aka turo wata siririya, Rifkatu 'yar Bogoro.
Ba ta ko dubi ƙwallon ba, ta ja kujera ta zauna.
Ta ce, Inna, mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.
In hannun nan ya farka gobe,
wane aiki za ki fara aikensa?
Na ce, alwala, ba tare da an riƙe mini buta ba.
Ta rubuta. Ta ce, sai me?
Na daɗe ina kallon silin,
don abin da ke raina ya yi mini kama da wauta.
Can na ce, masa.

Washegari Sagiru ya shigo da tanda cikin buhu,
baƙa ƙirin, gida goma sha biyu,
masu jinya suna leƙe suna dariya.
Babu wuta, babu mai.
Rifkatu ta dunƙula kwaɓin fulawa ta sa a kowane gida,
ta naɗe mariƙin cokali da tsumma
har ya yi kaurin rake, yadda yatsu za su iya kamawa.
Ta kawo 'yar buta, ruwa rabi.

Ranar farko ko ɗaya ban juya ba.
Na yi gumi kamar mai dakan sakwara.
Mako na uku ɗaya ta kife, ta gangara ƙarƙashin gado,
na bi ta da faɗa kamar yarinyar talla.
Rifkatu ta ce, kin ga yadda kafaɗarki ta ɗaga?
Ni ina na ga kafaɗa?
Masa nake kallo.

Ban koma Wunti ba, wataƙila ba zan koma ba.
Ƙafar har yau sai da sanda,
ɗan yatsan ƙarshe kuwa ya yi yajin da bai dawo ba.
Amma jiya da asuba na zuba wa kaina ruwa,
na jiƙa zane, na jiƙa tabarma, ban kira kowa ba.
Da hantsi matar Sagiru ta hura gawayi ta zuba ƙullu,
ni na juya.
Uku sun ƙone, biyu sun fashe,
bakwai na aika wa Rifkatu da miyar taushe.

Ƙwallon roban yana nan.
Yara ke buga shi a tsakar gida.
Shi ma, ka ga, ya sami aikin da ya dace da shi.