Milimita Goma Sha Biyu

Asabar a Coventry, yayyafi tun asuba,
irin wanda ba ya jiƙa mutum sai ya manta da shi.
Na ɗaga tsohuwar Golf ɗina a kan jak
a bayan gidanmu na Foleshill,
taya jingine da bango kamar baƙon da aka hana kujera.

Wili huɗu na sayo, na hannu, wajen wani dattijo a Nuneaton.
Kyawawa, ba laifi.
Na saka ɗaya, na juya,
sai ƙiiit,
ƙarfe yana gugar birki
kamar maƙwabta biyu a kan iyakar gona.

A sa sifesa, in ji kowa,
ɗan faifan nan mai shiga tsakanin taya da cibiyarta.
Ni kuwa na riga na yanke a raina: mai kauri,
milimita ashirin da biyar,
mota ta buɗe ƙafa ta tsaya tsayuwar ɗan kokawa.

Ramlatu ta fito da shayi.
'Yata ce, shekara uku tana koyon kanikanci a kwaleji,
baƙin mai ba ya barin farcenta ko ranar Sallah.
Ba ta ce uffan ba.
Ta dire kofin a kan bulo,
ta jingina miƙaƙƙen katako a jikin fenda,
ta tsuguna da ma'auni.

"Baba, sha biyar ne kacal daga taya zuwa baki.
Ka sa ashirin da biyar, sai ta leƙo waje,
ta yi ta watsa wa masu keke taɓo,
rami ɗaya a hanyar Bedworth, fenda ta cije ta."

"To a sa biyar," na ce,
don kada in rasa ta cewa.

"Biyar ba shi da leɓe.
Babu abin da zai zaunar da wili a tsakiya.
Ka kai mil sittin,
sitiyari ya kama rawar ɗari a hannunka."

Ta ƙirga ramuka, biyar.
Ta auna cibiya, hamsin da bakwai da ɗigo ɗaya,
ta rubuta a bayan hannunta.
Wannan ɗigon ma, ta ce, ba a yafe shi.

Sannan ta ɗaga kusa guda ta duba a haske.
"Waɗannan sun yi gajarta.
Duk nisan da ka ƙara,
sai ka ƙara tsawon abin riƙewa."

Na kurɓi shayin. Ya huce.

A jikin firiji akwai takarda daga Derby,
kwana tara ke nan tana kallona.
Sun ɗauke ta aiki, da ɗaki a saman wani shagon burodi.
Ni na ce garejin Malam Tukur yana nan bakin layi,
ta tagar kicin ma ana hango shi.
Uwarta ta ce ruwanmu.
Tun daga nan muke wuce juna a matakala
muna ɗan ƙiiit.

Sha biyu muka sayo, na alminiyam, mai leɓe,
da dogayen kusoshi ashirin a leda.
Ta kankare tsatsa da burushin waya
har cibiya ta yi fes,
ta ɗaura ɗaya, ta tsallake ɗaya, ta dawo,
sifana ta ce ƙas,
ba ta ƙara ko kaɗan ba.
Ni da nake hawa kan sifana da ƙafa
na yi shiru.

Ta juya tayar.
Babu ƙara. Iska kawai.

"In ka yi mil hamsin, a sake ɗaure su," ta ce,
tana goge hannu da tsohuwar singiletina.

Na daɗe ina naɗe ledar kusoshi.

"Derby mil nawa ne?"

"Arba'in da wani abu."

"Sa sifanar a but," na ce.
"Kya ɗaure su a can."