Jika Ɗaya Daban

Ranar Talata na rufe shago da hantsi,
na lulluɓe keken ɗinki da tsohon zane,
na hau kabu-kabu zuwa ofishin lanho.
Kuɗin fatantin bana a aljihun gaba,
jika ɗaya a aljihun gefe, ita daban.

Ma'azu mai karɓar kuɗi ya ƙirga sau biyu,
ya turo rarar da bakin biro:
"Malam, nan ba a cin goro."
Na ce ba goro ba ce. Saurara.

Ni tela ne, a bayan babbar kasuwa.
Awon ƙanwata Tsahara na cikin littafina,
shafi na sha ɗaya, da jan alƙalami.
Ta dawo daga Yamai da gefe guda,
ta jira yaran shago suka fita salla,
ta ce, "Yaya, cusa mini auduga a hagu."
Na cusa. Na daidaita. Na yi ƙaramin ɗinki
irin wanda ido ba ya kamawa.
Ta je suna a Bagalam, har ta yi guɗa,
ba wadda ta gane.
Wata bakwai rigar ta yi aiki.
Yanzu tana rataye a ƙusa, ƙirjinta cike,
mai ita tana kwance a gabas da gari.

Ga kuma Kawu Jigo, dillalin gyaɗa,
wanda in ya kira farashi a wannan rumfa
sai na Tibiri su ce sun ji.
Yau da buta yake kwana.
Liman ya yi sallama, shi yana tsugune
yana roƙon ɗigo ɗaya.
Likita ya ce wata 'yar ƙwaya ce
ƙarƙashin mafitsara ta zama daji.
Shi ko yana gaya wa mutane basir ne.
Na ɗinka masa wando mai faɗi
da aljihu ta ciki, inda roba za ta ɓuya.

Na gaji da ɗinkin rufin asiri, Ma'azu.
Lanho na zuba kwalta, na kunna fitila, mun gode.
A ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar nan:
wanda ya ga dama, abin da ya sawwaƙa,
dala ashirin ko jika goma,
a ba masu leƙa jini a madubi
su bi sawun ciwon nan har raminsa.
Kar a tilasta wa kowa.

Ya juya takardar, ciki da bai.
"Babu gurbi," in ji shi.
"Abin da ba shi da layi ba ya shiga akwati."

Wata mai tuyar ƙuli, Cima, daga bayana:
"To, an ja layin. Wa zai ga inda ta sauka?
Kura ce za a ba ajiyar nama."
Na ce a liƙa lissafin a bango, kowa ya karanta.
Ta yi dariyar da ta fi zagi ciwo.

Fanka na juyawa. Layi na tsaki.
Ma'azu ya cire tabarau, ya murza ido,
ya yi ƙasa da murya:
"Tsohona ma sau shida yake tashi da dare."
Ya zaro farar takarda daga aljihun tebur.
"Rubuta wa na sama. Ni zan kai."

Na rubuta da hannun da ya saba da alli.
Mutum tara suka sa hannu.
Cima ta tsaya, ta dube mu ɗaya-ɗaya,
ta shafa ƙasan hammatarta kamar mai gyara zane,
sannan ta dangwala yatsa,
tawada da man gyaɗa.

Amsa ba ta zo ba tukuna.
Jikar nan na dawo da ita shago,
na farke ɗinkin hagu na rigar Tsahara,
na sa ta cikin audugar,
na mayar da zare, ban ƙulle ba.