Aljihun Fada

Ranar Lahadi, ana gab da tashi,
Katakis Lompo ya hau da takarda a hannu,
ya gyara tabarau, ya yi tari sau biyu.
Mun san tarin nan, ba na mura ba ne.
Ya karanta da Faransanci, ya maimaita da Zabarmanci,
kafin ya iso Hausa, mata sun riga sun jiƙe bakin zane:
an ɗauke Fada Barnabe, za shi Tawa.

Ni ban yi kuka ba.
Ina da guga tana jira a gida.

Shekara tara nake wanke farar rigarsa,
mai wanki kuwa ya san abin da ba a faɗa a bagade.
Kafin in tsoma ta a ruwa sai na laluba aljihu:
ɓawon gyaɗa,
ɓarin goron da Alzuma mai gadi ya ba shi,
takardar magani da sunan da ba nasa ba,
ƙusar babur,
wata rana har sunayen yara bakwai
da aka koro daga lakwal saboda kuɗi,
an soke biyar da jan biro.
Sauran biyun ban tambaya ba.
Na dai ga ya daina sa agogo.

Ba waliyyi ba ne, kar wani ya ce na ce.
Wa'azinsa ya fi gadar kogi tsawo,
shinkafata ta sha ƙonewa dominsa.
Rigimar ganga tsakanin mawaƙan Togo da na Gurmawa,
wata uku yana cewa a bari sai gobe,
har fatar gangar ta yage, ta raba gardama.

Amma da Baba Kokuvi tela ya cika,
babu ɗa, babu dangi a Yamai,
shi ya bi mu gida gida da kwano,
har motar gawa ta kama hanyar Gaya.

A bakin ƙofa Tanti Odil na juya ƙosai,
tana cewa, “To, wa zai ɗaura auren Filomen?
An yi shela sau biyu, saura ɗaya.”
Alzuma ya naɗe buzunsa a inuwar dogonyaro,
makullan cocin na kaɗawa a ƙugunsa,
ya ce, “Ashe limaminku zai tafi?
Ku ce masa Tawa akwai rana, ya sayi malfa.”
Sai ya juya, yana neman abin da bai ɓata ba.

An ce mai zuwa yaro ne, bara aka naɗa shi,
Fada Yempabu, ɗan Makalondi.
Na san shi!
Shi ne ɗan hidimar nan mai dogon wuya
da ya zubar da garwashin turare ranar Ista,
ya huda mini ƙyallen bagade.
Facin yana nan, gefen hagu, ƙarƙashin fitila.
Yanzu shi zan durƙusa wa in ce Fada.
To, Allah mai iko.
Ƙwai ya zama zakara, mu da muka ga ƙwan sai mu tashi in ya yi cara.

Daren nan an ɗauke wuta,
na hura gawayi a tsohon dutsen guga.
Na bi wuya, na bi hannu, na bi kowace tattara,
a hankali, kamar mai karanta wasiƙa ta ƙarshe.
Ruwa na ɗiga daga rufin da muke tara wa kuɗi tun bara.

Na ninke rigar.
A aljihun dama na sa allura da farin zare,
don babu wanda ya sani a Tawa
cewa na hagun yana zubar da canji.