Gwangwanin Tabawa

A ƙarƙashin gadonta muka same shi,
gwangwani mai faɗin faifai,
tsatsa ta cinye bakinsa.
Na buɗe, tsami ya bugi hancina,
zaren fim ya manne da juna
kamar alkakin da ya yini a rana.

Na ɗaga guntu ga hasken taga.
Ga kakata, Tabawa 'yar Agege,
ba ta kai girman farcena ba,
ɗankwali a karkace, baki a buɗe,
tana faɗin abin da ba na ji.

Ubanta falken goro ne, jirgin ƙasa ya sauke shi
da huhu biyu da bashi bakwai.
Gefen dogo aka binne cibiyarta,
ta tashi da baki uku:
Hausa a gida, Yarbanci a kasuwa,
buroka in ranta ya ɓaci.

Masu majigi suka zo neman fuska,
macen da za ta koya wa jama'a tsabta,
sule biyar a yini.
"Yi murmushi. Ɗauki sabulu. Sake."
Sau goma sha ɗaya ta wanke hannun
da ruwan da suka zo da shi a mota,
don unguwar ba ta da famfo.

Daren da aka kafa farin ƙyalle a Obalende
Tabawa ta fi kwakwa tsawo.
Wasu suka tofar da yawu: 'yar mutunci a bango!
Kashegari su ne a gaba, da kujerunsu.

Da ma'aikatan jirgi suka shiga yaji
ta hau teburin mai tuwo a Ebute Meta,
ba sabulu, ba murmushi.
"Kun gan ni ina wanke hannu.
To, ku tambaye su ina ruwan."
Masu kifi suka kife kwandunansu,
masu gari suka ɗaure bakin buhu,
aka haye gada, tana gaba,
takalminta ɗaya ya faɗa teku.

Ɗan sandan da ya kama ta ya ce,
"Ke ce ta majigi? Matata na son ki,"
ya sa mata ankwa a hankali.
Kwana goma sha tara.
Da ta fito, almakashi ya riga ta gida:
an yanke fuskarta daga fim,
an bar hannuwa biyu
suna ta wanke juna, ba mai su.

Jam'iyya ta ɗauka, ta zaga da ita
Mushin, Idi Araba, Ajegunle,
har muryarta ta dusashe.
Ranar rabon kujeru
aka ba ta atamfa turmi biyu
da aikin dafa wa baƙi.
Ta mayar da atamfar.
Girkin kuwa ta yi,
an ce gishirin ya sa manya kuka.

Ni tsohuwa na tarar,
mai farantin goro a bakin tasha,
mai zagin talbijin,
mai cin bashin taba ta manta.
Ta taɓa marina don na ce ƙarya take.
Ban sake tambaya ba,
ita ma ba ta sake faɗa ba.

Jiya na kai gwangwanin wajen mai gyara a Yaba.
Ya shaƙa, ya girgiza kai:
"Ya mutu. Hoto bakwai kawai za su fita.
Kar ki ajiye shi kusa da wuta."

Bakwai ɗin suna cikin ambulan, a jakata.
Tsamin bai bar yatsuna ba.
Na tsaya a ƙofar gida ina jiran mai kura,
ya sauke min jarka ɗaya,
na biya, na ɗauki sabulu.